Kayana sun yi kwantai, an ce in ci bashi in cika kwantena

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan mata a Kano, dogayen riguna da abaya da kayan yara ɗinkakku. Kusan rabin abin da na saro don ƙaramar Sallah ya yi kwantai, jarina ya maƙale. Na shiga wani ajin koyon kasuwanci a WhatsApp, mai ajin ya ce ƙaramin sari ne matsalata, wai kamfanonin tufafi irin Zara da Shein da tarin kaya masu arha suka yi kuɗi, don haka in ci bashi in cika kwantena daga Sin. Har na fara maganar jinginar da filina, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki dakatar da maganar filin nan. Rabin kayanki na zaune a shago, sannan a ce maganin shi ne ki ninka kayan da kuɗin bashi? Wannan magana kullum sai na ji ta daga bakin 'yan kasuwa, kuma in aka bi sawunta, yawanci daga masu buɗe aji a waya take fitowa, mutanen da ba su taɓa kwana da zullumin kayan da yayinsu ya wuce ba.

Tunda da Zara ya kafa hujja, bari mu duba Zara ɗin. Amancio Ortega ya buɗe shagon farko a 1975 a birnin A Coruña na Sifaniya. Har yau kamfanin Inditex, mai Zara, yana ɗinka kaso mai tsoka na kayansa a Sifaniya da Fotugal da Maroko da Turkiyya, inda ladan ɗinki ya fi na Bangaladash tsada nesa ba kusa ba. Da gangan suke biyan wannan tsadar, domin lokaci suke saye da ita. Sabon samfuri kan iya fitowa daga hannun mai zane ya isa shago cikin 'yan makonni, kuma sau biyu a mako ake kai wa shaguna kaya. Ba sa ɗinka kayan kakar gaba ɗaya tun kafin ta shigo. Sukan fitar da kaɗan, manajojin shaguna su sanar da hedikwata abin da ke tafiya da abin da mata ke ɗagawa su ajiye, sai a ƙaro mai tafiya a tsayar da ɗayan. Har yadi sukan saya ba rini, sai sun ga launin da kasuwa ke so. Shein ɗin ma haka take yi: sabon samfuri guda 100 zuwa 200 ake fara ɗinka mata a ƙananan masana'antun yankin Guangzhou na ƙasar Sin, in ya karɓu a ƙaro.

Waɗanda suka tara kaya kuwa an ga yadda ta kaya musu. A Maris na 2018 H&M, mai manyan shagunan tufafi, ta bayyana cewa tana riƙe da kayan da ba a sayar ba na kimanin dala biliyan 4.3. Forever 21 ta Amurka, wadda ta dogara da manyan shaguna da tarin kaya masu arha, ta shigar da takardar karyewa a 2019, ta sake shigarwa a 2025. Su suna da bankunan da za su tallafe su na ɗan lokaci. Ke fili ɗaya gare ki.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne farashin guda. Ga lissafi na misali. A ce kin saro riga 1,000 a kan naira 6,000 kowace, miliyan 6 ke nan. Kin sayar da 600 a kan 10,000, kin dawo da uwar kuɗi kawai. Sauran 400 yayi ya wuce su, kin karyar a 4,000 bayan wata shida. Ribarki miliyan 1.6, ba a cire kuɗin ruwa da hayar sito ba. To a ce 200 kika saro da tsada, 7,500 kowace, wato miliyan 1.5. Kin sayar da 180 a kan 10,000, kin karyar da 20 a 4,000, riba 380,000. In kika juya kuɗin nan sau biyar a cikin wata shidan, kin tashi da miliyan 1.9, kuma abin da kika saka a haɗari kashi ɗaya cikin huɗu ne na wancan, kowane zagaye kuma da sabon kayan da zai dawo da masu saye. Rigar da ba ta fita ba, ko nawa aka saro ta, asara ce.

Sai ki ƙara da nisan hanya. Daga ranar da kika biya kuɗi zuwa ranar da kwantena ta tsallake teku, ta fita daga hannun kwastan a Legas, ta iso Kano, watanni ne, kuma ba ke ke da iko da ranar fitowarta ba. Yayin 'yan mata ba ya jiran kwastan, hoton biki ɗaya a Instagram ya isa ya sauya shi. Canji ma haka: dalar da take wajen naira 460 a hukumance a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuma Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka kaurin yadin da ya tafi shekarun baya ba lallai ya dace da yanayin bana ba.

Kwantena tana da wurinta. Abin da yayi ba ya shafarsa, irin su singileti, safa, kayan ciki da baƙar abaya marar ado, shi ake sarowa da yawa daga nesa, Zara ma daga Asiya take kawo irinsu. Ko a nan, ki haɗa kwantena da wasu, da kuɗinki, ba bashi ba. Kayan yayi kuwa ki kawo kaɗan ta jirgin sama ki gwada, ko ki sayi yadi a Kantin Kwari ki ajiye teloli biyu ko uku da za su ƙaro miki samfurin da ya tafi cikin mako guda. Amma ki biya su haƙƙinsu a kan lokaci, kada ki nemi sauri ta hanyar matsa musu. Wannan sana'a tana da tabon da ba ya goguwa: ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangaladash a Afrilun 2013 ya kashe mutum fiye da 1,100, galibinsu masu ɗinka wa manyan shagunan Turai da Amurka, bayan an ga tsagar ginin aka kuma tilasta musu komawa bakin aiki.

Kwantan da ke shagonki yanzu, ki karyar da shi a wannan watan ko da a kan uwar kuɗi ne ko ƙasa kaɗan, don kowane mako darajarsa raguwa take yi. Sannan ki buɗe littafi, kowace Asabar ki rubuta samfuri da launi da girman da suka fita, da abin da aka tambaya babu. Sari na gaba daga littafin nan za ki tsara shi. Allah ya buɗa kasuwa.