Kano zuwa Jidda a jirgin sama: amsa ga mai rakiyar Hajiya

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce za ki raka mahaifiyarki Umra, kina son sanin nisan Kano da Jidda da awa nawa ake yi a sama, saboda ƙafarta ba ta jure dogon zama. Allah ya ƙara mata lafiya.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda wajen kilomita 3,400 ne a miƙe. Jirgi kan ci kusan kilomita 850 a awa, shi ya sa da can awa huɗu da rabi muke yi: a ratsa Chadi da Sudan, a tsallake Bahar Maliya, sai sauka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka koma kewaye, tafiyar ta kai awa shida har bakwai. Don haka ki matsa wa ejan ɗinku ya faɗa miki ainihin tsawon tafiyar jirgin da zai saka ku.

Kada agogon tikiti ya ruɗe ki. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, kuma lokacin sauka da nasu agogon ake rubuta shi. In kin ga tashi ƙarfe 1:00, sauka 8:30, awa biyar da rabi ke nan.

Shawarata, ki biya na kai-tsaye ko da ya fi tsada. Masu bi ta Addis Ababa ko Alƙahira sun fi sauƙin kuɗi, amma zaman jiran jirgi na biyu a kujerar ƙarfe cikin sanyin na'ura shi ke karya tsoho, wani lokacin kusan wuni guda.

Tun wajen yankar tikiti ki nemi keken guragu, ki kuma roƙi kujerar bakin hanya kusa da banɗaki. Na sha ganin iyayenmu sun ƙi shan ruwa tun daga Kano don kada fitsari ya kama su, su sauka jiri na ɗibarsu. Da an daidaita a sama ki kai ta da kanki, ki nuna mata yadda ake murɗa sakatar ƙofa, ki gaya mata ƙarar da za ta ji in an danna ruwa ba komai ba ce. Ta sa takalmi mai yalwa, domin ƙafa na kumbura, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa. Maganinta ya zauna a jakar hannu.

In daga Jidda Makka za ku wuce, ku yi wankan harami tun a gida, don a sama za ku riski miƙati, wato wurin da ake ɗaura niyyar Umra. Akan sanar, amma ki tambayi ma'aikatan jirgi tun da wuri. Bayan sauka akwai layin duba fasfo da jiran kaya, sannan awa ɗaya da wani abu a mota zuwa Makka. Ki bar ta ta ci abinci ta yi barci kafin ku shiga ɗawafi.