Ina hannun mai ilimin sinadarai a harkar wutar sola?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar sinadarai. Duk inda ake maganar wutar sola ko ta iska, injiniyoyi nake ji ana ambata. Mu da muke wuni da kwalabe a ɗakin gwaji, akwai rabonmu a wannan harka, ko kuwa matatar mai ce kaɗai makomarmu?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, rabonku ne mafi tsoka. Duniya ba ta ƙarancin makamashi. Hasken da rana ke zubo mana cikin ƙasa da awa biyu ya kai abin da mutane gaba ɗaya ke ci a shekara. Wahalar tana wajen kama shi da kuma ajiye shi, kuma duka biyun a hannun masu sinadarai suke.

Ɗauki farantin sola. Asalinsa dutsen ƙanƙara ne mai suna kwaz, ɗan'uwan yashi. Ana zuba shi a tanderu tare da gawayi, zafi ya doshi digiri 2,000, gawayin ya janye iskar oksijin ya bar silikon. Wannan silikon ɗin bai isa ba tukuna. Sai an mayar da shi ruwa mai saurin tashi, an tace, an sake daskarar da shi, har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999 cikin ɗari. Bayan duk wannan wahala kuma sai a gurɓata shi da gangan, kuma nan ne abin ke burge ni har gobe. Ƙwayar silikon tana da ilektron huɗu a bayanta, ta fosfaras biyar, ta boron uku. A ɗiga fosfaras a gefe guda a samu rarar ilektron, a ɗiga boron a ɗaya gefen a samu gurbi. Haske na bugowa sai ya ture ilektron, iyakar da ke tsakanin ɓangarorin ta kora shi hanya ɗaya tak, ya bi waya. Wutar ke nan. Na farko da ya yi amfani, wanda ɗakin bincike na Bell ya fitar a Amurka a 1954, kashi 6 na hasken kawai yake mayarwa lantarki. Na yau ya haura kashi 20.

To, rana ta faɗi, iska ta kwanta, sai yaya? A nan gizo ke saƙa. Kilo ɗaya na man fetur yana riƙe da makamashin da ya kai awar kilowat 12. Kilo ɗaya na batirin lithiyam mai kyau kuwa da ƙyar yake kai rubu'in awar kilowat ɗaya. Gaskiya ne injin mota yana ɓarnatar da mafi yawan nasa a zafi, amma ko an cire wannan, tazarar na da faɗi. Shi ya sa fetur ya ƙi sakin duniya: ba shi da na biyu wajen ajiya, hasken rana ne da ƙananan halittun teku suka tara aka binne su shekaru miliyoyi.

Batirin dalma da Gaston Planté ya ƙera a Faransa a 1859 shi ne har yau yake tayar da mota, sai dai nauyi gare shi kamar dutse. Lithiyam shi ne ƙarfe mafi sauƙin nauyi, amma fitinanne ne, ko ruwa ya taɓa sai ya tafasa ya saki iska mai kamawa da wuta. Mutum uku suka hore shi ɗaya bayan ɗaya. Stanley Whittingham ya gano yadda lithiyam zai riƙa shiga tsakanin shimfiɗun wani sinadari yana fita, kamar takarda a tsakanin shafukan littafi. John Goodenough ya kawo haɗin kobalt a 1980 wanda ya ɗaga ƙarfin wutar. Akira Yoshino a Japan ya cire zallar ƙarfen lithiyam ya sa kabon a madadinsa, haɗarin gobara ya ragu. Kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, su ukun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2019. Ka lura, a fannin kimiyyar sinadarai aka ba su.

Aikin bai ƙare ba, kuma akwai inda yake ci mini rai. Fiye da rabin kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, wani ɓangare daga ramukan da ake haƙa da hannu, har da yara a ciki. Mafitar da aka samu ita ma daga ɗakin gwaji ta zo: batirin lithiyam mai baƙin ƙarfe da fosfet, wanda babu kobalt a cikinsa, ya fi jure zafi kuma ya fi daɗewa. Ga na sodiyam yana tafe, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda teku ke cike da shi.

Haidirojin kuwa, iskar da ake cirowa daga ruwa don ajiye makamashi, ina ganin an cika zuzuta shi. Sai ka kashe awar kilowat 50 ko fiye ka raba lita 9 na ruwa kafin ka samu kilo ɗaya, shi kuma 33 zai mayar maka. Ga mota, batir ya fi shi. Inda babu kamarsa shi ne takin zamani da sarrafa ƙarfe, domin har yanzu mafi yawan haidirojin da ake haɗa amoniya, tushen takin, da shi daga iskar gas ake ciro shi. Duk wanda ya samo abin da zai maye gurbin ƙarafan filatinam da iridiyam masu tsada wajen raba ruwa, ya yi babban aiki.

In shawara kake so, ka riƙe darasin da ke haɗa sinadarai da lantarki da hannu biyu, ka kuma sa ido a kan ferobskait, wani sinadari da ake gwada yin farantin sola da shi. A 2009 hasken da yake mayarwa lantarki bai kai kashi 4 ba, yanzu a ɗakin gwaji ya wuce 25, kuma ana iya shafa shi siriri kamar fenti. Cikas ɗinsa shi ne laima da zafi suna lalata shi da wuri, ga dalma a cikinsa, alhali farantin silikon ana ba shi garantin shekara 25.