Kilim ɗina ya yi sanyi a Fabrairu, a Afrilu kuma sai iska mai ɗumi: jabu aka sayar mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bukoki a Yamai. A watan Janairu na sayi sabon kilim mai injin ciki da na waje, sheval ɗaya da rabi, aka kafa mini a falo mai faɗin mita 4, tsawo mita 5. Ginin bulon siminti ne, rufin kwano, da siririn silin na katako. Injin waje yana bangon yamma, don can ne ba a wucewa. A Fabrairu har bargo muke rufa. Da Afrilu ya kama, daga azahar zuwa magariba iska mai ɗumi yake hurawa, injin waje ya tsaya ya tashi, ya tsaya ya tashi. Cikin dare kuwa yana sanyi. Sau biyu mai gyara yana ƙara gas, ba ta sake zane ba. Kuma mu biyar muke kwana a falon saboda zafi, da safe kowa da ciwon kai. Jabu ne? Ko in sayar in sayi mai ruwa, wanda ake kira imidifikatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a bayaninka ba mu ga alamar jabu ba, kuma kada ka sake yarda a ƙara masa gas. Gas ɗin kilim ba ya ƙarewa kamar man babur, zagayawa yake cikin rufaffen bututu shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, galibi a bakin notin da ya haɗa bututun jan ƙarfe da injin, kuma kumfar sabulu ko tabon mai a wurin ya isa ya tona shi. Injin da gas ya yi wa ƙaranci sosai ba ya sanyi ko da asuba, har za ka ga ƙanƙara ta kama siririn bututu. Naka yana sanyi da dare. Ke nan an ɗura gas kan gas, matsin cikinsa ya hau, shi ya sa yake ƙara saurin yankewa da rana.

Ka gwada da kanka. Sami ma'aunin zafi, ka auna iskar da injin ciki yake zuƙa ta sama, ka auna wadda yake fitarwa bayan ya yi minti 15 yana aiki. In tazarar ta kai digiri 8 zuwa 12, injin lafiyarsa lau, ɗakin ne ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya sake tsakanin Fabrairu da Afrilu yanayi ne. Kilim ba ya ƙirƙirar sanyi, kwasar zafin ɗaki yake ya kai wa injin waje, shi kuma ya zubar da shi cikin iskar waje. In iskar waje digiri 33 ce, zubarwar ba wuya. In ta kai 42 ko 44, kamar yadda bazarar Yamai ta saba a Afrilu da Mayu, sai kwamfaresa, wato famfon da ke matsa gas a cikin injin waje, ya yi ta dannawa da ƙarfi kafin zafin ya fita: wutar da yake ci ta ƙaru, sanyin da yake bayarwa ya ragu. In ya yi zafi fiye da kima, akwai ƴar na'urar kariya a jikinsa da ke yanke shi har ya huce. Tsayawa da tashin da kake ji ke nan.

Je ka duba takardar da ke manne a gefen injin waje, ka nemi T1 ko T3. Wannan alamar ta fi sunan kamfani muhimmanci a ƙasarmu, amma mai saye da wuya ya tambaye ta. Injin T1 an auna ƙarfinsa ne da zafin waje digiri 35, iyakarsa kuma wajen 43. Na T3 an auna shi da 46, an gina shi ya jure har 52, irin wanda ake sayar wa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Mai T1 da aka liƙa a bangon yamma, inda siminti ya sha rana tun azahar, iskar da yake shaƙa ta wuce iyakarsa kafin la'asar.

Sai girman injin. Da BTU ake auna ƙarfin sanyin kilim: sheval ɗaya BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu 18,000. Ƙa'idar da aka ɗauko daga Turai ta wat 100 a kowace murabba'in mita ba ta mu ba ce. Nan muna lissafa 150, a kai 200 in rufin kwano ne kuma akwai bangon yamma. Falonka murabba'in mita 20 ne, sau 200 ya ba da wat 4,000, wato wajen BTU 13,600, tun ba a ƙirga zafin jikin mutum biyar ba, kowanne kamar wat 100. Injinka 12,000 ne a takarda, a zafin Afrilu kuma abin da yake iya bayarwa yakan sauka kusa da 10,000. Falon na sheval biyu ne, in an bar shi yadda yake.

Mu dai ba za mu ce ka fara da sayen babba ba, domin rufin ne ya fi cutar da kai. Kwano a tsakar ranar bazara yakan kai digiri 70. Sa hannu a silin ɗinka da ƙarfe uku, za ka ji shi kamar murfin tukunya. Wannan zafin yana sauka kan mutane kai tsaye, ko iskar ɗakin ta yi sanyi. A shimfiɗa farin soso mai kauri santimita 5, ko audugar gilashi, a bayan silin, ba tare da barin gibi ba. A buɗe ƙananan kafofi biyu ko huɗu tsakanin silin da kwano, a bangaye masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda jemage da tsuntsaye, don zafin da ya taru ya sami hanyar fita. A shafe kwanon da farin fenti. Bangon yamma da tagarsa a yi musu inuwa daga waje, da zana ko rumfa, a dasa dogon yaro don gaba. Labulen ciki taimakonsa kaɗan ne, zafin ya riga ya ratso gilashi. Da waɗannan, sheval ɗaya da rabin naka zai iya riƙe falon, kuma kuɗin aikin kan dawo ta takardar kuɗin wuta ta NIGELEC: injin 12,000 yana cin wajen wat 1,200, in bai huta ba awa 8 kusan kilowat-awa 10 ke nan a rana, 300 a wata. Ɗakin da ke riƙe sanyi shi ke ba kwamfaresa damar hutawa.

Injin waje kuwa dole ya bar yamma. A watannin zafi rana tana bi ta tsakar ka ne a Yamai, don haka bangon arewa da na kudu ba sa shan ta sosai. Gabas ma yana samun inuwa da yamma, sai dai daga can hadarin damina yake tasowa da ƙurarsa, a ɗaure shi da kyau a ƙarfen da aka kafe da noti. A ɗaga shi daga ƙasa aƙalla rabin mita don kada ya yi ta zuƙar rairayi. A bar santimita 30 a bayansa, gabansa kuma mita ɗaya da rabi ba abin da ya tare. Kejin da ake yi saboda ɓarayi ya zama na sandunan ƙarfe masu tazara, rumfarsa ta tsaya can sama. Akwatin kwano ko lungu tsakanin katanga biyu yana mayar masa da iskar da ya fitar, sai ya shaƙi digiri 55 alhali gari yana 43.

Ranar da za a matsar da shi, ka tsaya a kan mai aikin. A kwashe gas ɗin da ke ciki, a sake yanke bakin bututu a buɗa shi sabo, a haɗa injin zuƙe iska ya yi aiki minti 20 zuwa 30, a rufe a ga allurar ma'auni ba ta motsa ba. Sannan a zuba gas da sikeli, daidai giram ɗin da aka rubuta a jikin injin, kuma irin nasa: R410A, R32 da tsohon R22 ba a gauraya su. Masu gaggawa sukan buɗe bawul su bar gas ya kori iska na ƴan daƙiƙu. Wannan yana barin danshi a ciki, danshi ya haɗu da man kwamfaresa ya zama tsami mai cin wayar cikinsa, bayan shekara biyu a ce injin ya mutu ba dalili. Bututun kada ya gaza mita 3. Gas ɗin masana'anta yawanci na mita 5 ne, abin da ya haura a ƙara yadda littafin injin ya faɗa. Kowane bututu da rigarsa ta soso, a naɗe da farin tef, in ba haka ba ranar Yamai ta mayar da soson gari cikin shekara guda.

Wuta ma tana da hannu a yankewar. Lokacin da gari duka ya kunna fanka da kilim, ƙarfin wuta yakan faɗi ƙasa da 220 a unguwanni masu cunkoso. In ya sauka ƙasa da 200, kwamfaresa yana gurnani ya kasa tashi, ƙaramin gwangwanin da ke tayar da shi, wanda masu gyara ke kira kwandansatar, ya kumbura. Kilim yana son layinsa shi kaɗai daga mitar wuta, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, makatsin wuta na amfiya 16 ko 20, da wayar ƙasa. A sa masa na'urar da ke jinkirta shi minti 3 bayan an maido wuta, don matsin gas ya daidaita kafin ya tashi. In za ka sayi wani nan gaba, mai inbata na T3 ya fi, wato wanda kwamfaresansa ke ƙara gudu ko ragewa maimakon tsayawa da tashi, ba ya fizgar wuta wajen tashi, amma allon lantarkinsa ba ya son wuta mai hawa da sauka, sai da kariya.

Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Maris ita ce ke shirya matsalar Afrilu. Ragar injin ciki a wanke ta duk mako a wannan lokacin, a shanya a inuwa. Haƙarƙarin injin waje a wanke shi da ruwa marar ƙarfi bayan an kashe wuta, sau ɗaya a ƙarshen Maris, sau ɗaya bayan damina. Haska tocila ta bayansa: in haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. Da damina kuma ruwa ne aikin. A Agusta injin yakan tatso lita ɗaya ko fiye a awa daga iskar ɗaki, don haka tiyon ya gangara ba lanƙwasa, a busa shi kafin ruwan farko, domin ƙurar da ta kwanta cikinsa tana zama laka ta toshe shi, ruwa ya bi bango. Ka ajiye shi a 25 ko 26 ka haɗa da fanka. Sa shi a 16 ba ya ƙara masa sauri, hana shi hutu kawai yake.

Maganar ciwon kai ita ta fi damunmu. Kilim irin naka ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan, ta cikin ɗakin yake juyawa. Falonka, in tsayinsa mita 3 ne, iskar cikinsa kubik mita 60 ce, alhali kowane mutum yana bukatar sabuwa wajen kubik 25 zuwa 30 a awa. Mutum biyar, ƙofa a rufe, an cusa tsumma a ƙarƙashinta, kafin asuba iskar da aka fitar daga huhu ta taru ta ninka ta waje sau da yawa. Ga bushewar iskar bazara da kilim ke ƙara busarwa, maƙogwaro da hanci su kafe. Ka cire tsumman, ka bar tazarar yatsa biyu a ƙasan ƙofa, ka ɗan buɗe taga mai raga a ɗaya gefen kamar faɗin tafin hannu. Sanyin da za a rasa kaɗan ne da dare. Bayan sallar asuba, lokacin da gari ya fi sanyi, a buɗe ko'ina minti 20. Maganin sauro na hayaƙi, turaren wuta da gawayin shayi kada su shiga ɗakin da aka rufe, gidan sauro ya wadatar. Janareto, wanda muke kira gurup, ya tsaya a fili nesa da taga, ba a zaure ko baranda ba, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. In ciwon kan ya zo da jiri ko amai, kuma ya kama kowa lokaci guda, a fita waje nan take a nufi asibiti.

Mai ruwa kuwa kada ka sayar da kilim dominsa, amma in da hali ka ƙara da shi. Aikinsa irin na randa ne: iska ta ratsa jiƙaƙƙen soso, ruwa ya tashi, ta yi sanyi. A Maris da Afrilu, in zafi 42 ne danshi kuma kashi 15 cikin ɗari, mai kyau yana fitar da iska mai digiri 27 ko 28, da wutar da ba ta wuce wat 100 zuwa 250 ba, abin da ƙaramin sola zai ɗauka ranar da aka ɗauke wuta. Daga ƙarshen Mayu iskar damina tana shigowa, a Agusta da ƙyar ya rage digiri 3, sai jiki ya yi ta danƙo. A Tawa, inda ruwan sama bai kai na Yamai ba, watanninsa sun ɗan fi tsawo. Shi taga buɗe yake so: a jingina bayansa da taga ya ja iskar waje, a buɗe wata a ɗaya gefen ta fita. Kada a kunna shi tare da kilim a ɗaki ɗaya, ɗaya yana zuba danshi ɗaya yana kwashewa. Tankinsa a zubar a wanke duk kwana biyu ko uku saboda sauro da wari, soson kuma a sake shi idan farin gishirin ruwa ya daskare a kansa.