Amsa: Me ya sa NMR ya nuna layi ɗaya maimakon biyu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa mai karatu a Jidda. Ka ce sinadarin ƙarfenka ya kamata ya ba da layi biyu a NMR (na'urar da ke gano tsarin sinadari ta hanyar maganaɗisu) amma ɗaya ka gani, har ka fara zargin samfurin. Kada ka zubar da shi tukuna.

Sau da yawa ƙwayar sinadarin ce ke sauya siffa da saurin da NMR ba ya iya bi, sai ya nuna maka matsakaicin siffofin. Dubi Fe(CO)5, wato ƙarfe mai ɗauke da CO (carbon monoxide) biyar: CO biyu na sama da ƙasa, uku a tsakiya, don haka a sa ran layi biyu, amma NMR na carbon-13 layi ɗaya yake bayarwa ko an sanyaya shi ƙwarai, don suna musayar gurbi ta wata hanyar sauya siffa da ake kira juyin Berry, wanda aka bayyana a 1960. Na'urar IR kuwa (mai awo da hasken infrared), da yake ta fi saurin ɗauka, tana bambanta su.

Ni dai shawarata, nemi a yi maka awo a yanayin zafi daban-daban. Riƙa sanyayawa kaɗan-kaɗan. In musaya ce dalili kuma ba ta kai saurin ta Fe(CO)5 ba, layin zai yi faɗi, daga baya ya rabu biyu. A daidai zafin da layukan biyu ke haɗewa su zama ɗaya, saurin musayar ya kai kusan tazarar layukan a hertz sau 2.22, daga nan lissafin Eyring, mai haɗa saurin musaya da zafi, zai ba ka shingen makamashin, wato makamashin da ƙwayar ke buƙata kafin ta sauya siffa.

Ka kula da ruwan narkarwa. CDCl3 yana daskarewa wajen −64°C, CD2Cl2 ya fi jure sanyi. Kuma auna ainihin zafin ta hanyar ɗaukar NMR na methanol, kada ka dogara da allon na'urar.

Wane ƙarfe ne? In mai electron da ba shi da abokin haɗi ne, kamar Cu(II), wato jan ƙarfe, wannan ma kan faɗaɗa layuka har biyu su yi kama da ɗaya. Allah ya taimaka.