Amsoshin tambayoyinku: sayen tsohuwar mota da kula da ita da hannunka

Tambaya daga wani malamin makaranta a Tawa: Na tara kuɗin mota. Akwai wani dattijo a unguwarmu da zai sayar da Peugeot 504 mai dogon baya, wadda ya jima yana riƙe da ita. Abokaina kuma sun ce in je Yamai in ɗauko ƙaramar mota ta zamani mai kwamfuta, kada in sayo wa kaina wahala. Garinmu yana wajen Keita, hanyar kuma ba duka ce kwalta ba. Wace zan saya?

Malam, kafin ka dubi motar, ka tambayi kanka ko kana shirye ka riƙa buɗe bonet kowace safiya. In kana so ka murɗa makulli kawai ka tafi, to abokanka sun yi gaskiya, bar wa dattijo motarsa. In kuwa ba ka ƙyamar baƙin mai a hannu, ni 504 zan ce ka ɗauka, kuma da dalili.

An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka ba ta lambar motar shekara ta Turai a 1969, daga baya kuma aka shafe shekaru da dama ana harhaɗa ta a Kaduna. Wannan na ƙarshen shi ne ya shafe ka. Saboda shi ne kayan gyaranta suka bazu daga Kano har Ƙonni, kuma da wuya ka shiga gareji a Tawa ka rasa tsohon bakaniken da ya san ta ciki da bai. Ƙafafun baya ne ke tura ta, tana da tsayi daga ƙasa, kuma mai dogon bayan tana da sifirin biyu a kowane gefe na baya, shi ya sa take haɗiye gargada ko da an cika ta da mutane da buhuna. Injinta na kafireto ne. In ta tsaya maka tsakanin Tamaske da Keita, matsalar ba ta cika wuce biyu ba: ko mai bai iso ba, ko wuta ba ta isa buji ba, kuma duka biyun za ka iya ganowa da sifana da sukudireba. Motar kwamfuta in ta ƙi tashi a wurin nan, sai an nemo mai na'urar karanta ta. Ga shi kuma lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano da Gaya sun koma doguwar hanya, jiran ƙaramin abu guda na iya ajiye maka mota makonni.

Amma kada son ta ya rufe maka ido. Tana shan esansi fiye da ƙananan motocin yanzu, ba ta da jakar iska ta kariya, birkinta kuma na zamanin da ne. Wanda ya saye ta dole ya rage gudu, musamman da iyali a ciki.

Ranar da za ka duba ta, ka je da sassafe, ka roƙi dattijon kada ya tashe ta kafin ka iso, don injin da ya yi zafi yana ɓoye aibinsa. Ɗora hannu kan injin ka ji sanyinsa. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka juya shi: in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki, ruwa yana haɗuwa da mai. Buɗe murfin lagireto tun tana sanyi, a tashe ta, ka zuba ido cikin ruwan. Kumfa da ke ta tasowa ba ƙaƙƙautawa alama ce juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (kulas) da gangar injin, ya ƙone. Ka koma baya ka dubi hayaƙi: shuɗi na nufin tana cin baƙin mai, baƙi kuma esansi ne ya yi yawa, wannan sau da yawa gyaran kafireto ne kawai. Sannan ka shimfiɗa tabarma ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Inji ana sabunta shi, na 504 ma da sauƙi, don ana zare hannayen silindarsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai da kawowa a ciki, a sa sababbi tare da fistin. Gangar jikin da tsatsa ta cinye ko ta tsage aka lafta mata walda, ita ce ba ta dawowa. Daga ƙarshe ka karanta lambar shasi da idonka, ka gwada ta da wadda ke kan kartigiris da takardun duwan, harafi bayan harafi.

In ka saye ta, juyen mai, wanke buji, daidaita tazarar filatin na delko (na'urar da ke rarraba wuta ga buji), kakkaɓe matatar iska lokacin hunturu, duk aikinka ne. Buɗe kan inji kuwa ka bar wa gwani, don wanda ya cire kulas ya juya injin ba tare da ya danne hannayen silinda ba zai motsa su, ruwa ya sauka cikin mai.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Tawa, Abalak da Cintabaraden: Land Cruiser ɗina mai injin 1HZ ta fara zafi in na shiga rairayi da kaya. Bakanike ya ce a cire tamostat a yar, wai na ƙasashen sanyi ne. In yarda?

Alhaji, kada ka yarda. Wannan magana ta yaɗu a garejojinmu, kuma ta lalata injuna masu kyau. Tamostat na wannan inji aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto in ruwa ya yi zafi, a lokaci guda kuma yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin injin kaɗai. Ka cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar bai taɓa lagireto ba. Gwada shi ba wuya: jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ka ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. In bai buɗe ba a sa sabo.

Zargina ya fi karkata ga wurare uku. Na farko cikin lagireto. Ruwan rijiya da muke ɗurawa yana barin farin dutse a ƙananan bututun har su toshe, don haka a sauke shi a wanke, daga nan ka koma ruwan sanyaya inji na galan. Na biyu fanka: tana da wani kulocin mai a tsakiyarta wanda ke gajiya da tsufa. Kashe injin yana da zafi ka tura fankar da hannu, in ta yi ta juyawa sakayau ba wani riƙo, ta mutu. Na uku murfin lagireto, abu mafi araha a cikinsu, wanda in robarsa ta saki ruwa zai tafasa da wuri. Kuma ka rage iskar taya kafin ka shiga rairayi, injin zai huta.

Tun da ka ambaci 1HZ, ga abin da ya fi zafin nan haɗari. Inji ne mai silinda shida, lita 4.2, ba turbo, Toyota ta fito da shi a 1990, kuma yana jure gazuwal ɗin da sababbin injuna ba sa jurewa. Amma bel ne ke juya sandar bawul ɗinsa, in ya tsinke ana tafiya, fistin ya doki bawul. Akwai fitila a gaban direba mai rubutun T-BELT da ke tunatarwa, sai dai a tsofaffin motoci sau da yawa an kashe ta ba a canza komai ba. In ba ka san ranar da aka canza naka ba, canza shi yanzu, ka rubuta kilomita a jikin murfin bel ɗin. Tsiyaye ruwan da ke taruwa ƙarƙashin matatar gazuwal kuwa, koya wa yaron motarka ya riƙa yi.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Yamai: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Mercedes 200D. Shekara uku tana ajiye a gida a Yantala. Ƴan'uwana na so a sayar wa masu ɓaɓɓalla motoci. Ni ina so in tashe ta, har in koyi kula da ita. Zai yiwu?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ƴar'uwa, zai yiwu, kuma in magada sun amince ki biya su rabonsu ki riƙe ta, don masu ɓaɓɓallawa kuɗin ƙarfe kawai za su ba ku. Irin wannan Mercedes, in samfurin da aka ƙera daga 1976 zuwa 1985 ce, sarƙa ce a injinta maimakon bel, famfon gazuwal ɗinta kuma ba ya buƙatar kwamfuta.

Kada dai a sa mata batir a murɗa makulli kai tsaye. A fara juya injin da sifana a tabbatar bai kafe ba. A zubar da tsohon gazuwal da baƙin mai, a canza matatu, a duba ko ɓeraye sun ci wayoyi. Akwai ƙaramin famfon hannu a gefen injin da ake fitar da iska daga bututun mai da shi, ki sa bakanike ya nuna miki ki yi da kanki. Ki kuma nemi wani ɗan hannu a kan injin mai rubutun STOP, don da zuƙar iska ake kashe injin motar, in bututun iskar ya tsage za ki zare makulli ta ci gaba da aiki, sai an danna shi.

Man birki a zubar da shi gaba ɗaya, yana shan ruwa in ya daɗe. Tayoyi kuma ki karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefensu bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Tayar da ta sha ranar Yamai shekara uku a tsaye, ko zanenta bai cinye ba, kada ki hau hanyar Doso da ita.