Tambaya da Amsa: Za mu koma Abuja da ƙaramin yaro, wace unguwa ta dace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ofishinsu yana cikin Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, kuma muna da yaro ɗan shekara biyu da wata uku. Dillali ya turo masa hotunan gidaje uku: ɗaya a Mararraba mai ɗaki uku da sauƙin kuɗi, ɗaya a Lugbe, sai na Kubwa wanda ya fi su ƙanƙanta kuma ya fi su tsada. Hankalinsa ya fi kwanciya da na Mararraba, ni kuwa ban taɓa kwana a Abuja ba, ba ni da kowa a can. Ki ba ni shawara kafin ya biya kuɗin.
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa canjin ya zama alheri, ya raya muku yaron. Abu na farko da zan roƙa shi ne kada a biya ko kwabo a kan hoto, domin hayar Abuja ta shekara ce, wasu masu gidan ma shekara biyu suke nema a dunƙule, ga ladan dillali, ga kuɗin lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. Wanda ya biya wannan kuɗi sannan ya gane ya yi kuskure, ba shi da mafita sai haƙuri har shekara ta zagayo.

Bari in fara da gidan da maigidanki ya fi so. Mararraba ba ta cikin Birnin Tarayya, tana ƙaramar hukumar Karu ne a Jihar Nasarawa, kuma babban titin da ke shigo da mutanenta gari shi ne na Keffi, wanda ya ratsa Nyanya da Kugbo ya faɗo shataletalen AYA. Tazarar ba wata mai yawa ba ce idan titi fayau yake, amma a ranakun aiki mutanen Mararraba, Masaka, Karu da Nyanya duk a kansa suke haɗuwa, abin da ya sa ma'aikata da dama ke fita da an sallame sallar asuba, su dawo bayan isha'i. Ki auna wannan da rayuwar yaronki: uban zai fita yana barci, ya dawo ya tarar ya yi barci, ke kuma ki wuni ke kaɗai da shi a garin da ba ki san kowa ba, daga Litinin har Juma'a. Kuɗin da aka rage a haya kuwa, wani kaso mai tsoka zai koma kuɗin mota ko na mai. Ban ce unguwar ba ta da kyawunta ba, domin cefane ya fi sauƙi a can, Hausawa suna da yawa, ba za ki rasa masallaci, islamiyya da mai fura ba. Ta dace da ɗan kasuwar da harkarsa take can, amma ma'aikacin da ake nema a ofis da ƙarfe takwas zai sha wuya.

Lugbe tana kan titin filin jirgin sama, titi mai faɗi da kyau, shiga gari daga can ya fi sauƙi. Matsalarta ruwan sama ce. Daminar Abuja ta fi ta Kano tsawo da ƙarfi, tana farawa tun watan Afrilu har zuwa Oktoba, kuma akwai rukunin gidaje a Lugbe da aka gina a kwari ko a kan hanyar ruwa, waɗanda ambaliya ta sha cinyewa, kamar yadda aka gani a watan Yunin 2023. Haka abin yake a wasu sassan unguwar Lokogoma, ita ma a Abuja. Idan maigida ya je ganin gidan, ya dubi gindin katanga da bangon ɗaki ko akwai shatin ruwa, ya lura ko an shafa sabon fenti a ƙasa kawai an bar sama, sannan ya tambayi mai shago ko mai wanki da ke layin, domin dillali ba zai faɗa masa abin da zai hana shi ladansa ba. Ya duba kuma hanyar da ta tashi daga babban titi zuwa ƙofar gidan, saboda da yawa daga cikinsu ba kwalta, da damina taɓo, da rani ƙura, ƙurar nan kuwa ba ta yi wa ƙirjin yaro daɗi.

A cikin ukun nan, ni Kubwa zan zaɓa, matuƙar aljihu zai iya ɗauka ba tare da an shiga bashi ba. Tsohuwar unguwa ce da ta kafu, tana da babban asibitin gwamnati, sassanta da dama suna samun ruwan famfo daga madatsar ruwa ta Usuma, titinta zuwa cikin gari mai faɗi ne duk da cewa shi ma yana cunkushewa da safe, kuma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna yana da tasha a can, wanda zai rage muku wahala idan za ku je ganin gida. Ƙanƙantar gidan kada ta dame ki, yaro ɗan shekara biyu ba ya buƙatar ɗakin kansa. Sai dai Kubwa tana da faɗi ƙwarai, wani gidan sunan kawai ya ara alhali yana can bayan gari, don haka a tabbatar da ainihin layin da yake.

Ko wace unguwa kuka tsayar, ruwa shi ne tambayar farko, domin mai goyo ta san yawan wanki da wankan da yini ɗaya ke ci. A buɗe famfo a gani da ido, a tambaya ko na hukuma ne ko na rijiyar burtsatse, idan na burtsatse ne wa ke biyan kuɗin tayar da inji, idan kuma 'yan ga-ruwa ake dogaro da su, nawa ake sayar da kura. Gudawa a yara ƙanana galibi daga ruwa take farawa, saboda haka na shansa a riƙa tafasawa har ki san ruwan wurin. Game da lantarki, tun watan Afrilun 2024 layukan da ke rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kuɗinsu ya ninka fiye da sau uku, don haka a san rukunin da gidan yake, a kuma tabbatar yana da mitarsa ta kati shi kaɗai.

Sai asibiti. Zazzaɓin yara ya fi son tsakar dare, kuma abin aunawa shi ne minti nawa za ki ɗauka kafin ki isa hannun likita da ƙarfe biyun dare idan maigida ya yi tafiya. Ki riƙe katin riga-kafinsa a jakarki, kada ya shiga cikin kayan da za a ɗora a mota, sannan a makon farko ki nemi ƙaramin asibitin da ke kusa ki nuna musu, musamman don a duba ko ya karɓi allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata goma sha biyar.

Shi kansa gidan, ki dube shi daga tsayin yaronki. Wannan shekarar ce ta gudu da hawa da sa komai a baki, saboda haka gidan ƙasa ya fi bene, idan kuwa bene ne a duba tazarar ƙarafan baranda. Rijiya da ramin masai su kasance a rufe da murfi mai nauyi, ƙofar gida kada ta buɗe kai tsaye kan titi, janaretan maƙwabta kada ya kasance a gindin tagar ɗakin kwana, kwata mai kwantaccen ruwa kuma gidan sauro ce. Maigida ya nemi ganin takardun filin, domin rusau ba sabon abu ba ne a Abuja tun zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Birnin Tarayya, daga 2003 zuwa 2007, kuma idan katafila ta zo ba ta tambayar wane ne ɗan haya.

Na bar batun maƙwabta a ƙarshe ne saboda shi ne abin da za ki fi jin rashinsa. A Kano kina da uwa, ƙanne da matan layi da za ki miƙa wa yaro ki shiga wanka ko ki leƙa gidan suna. A manyan rukunin gidajen Abuja kuwa ana iya shekara ba a san sunan na kusa ba. Gidan da ke da wasu iyalai masu yara, da masallaci kusa inda maigida zai saba da jama'a, zai fi miki gida mai ƙawa wanda kowa ya kulle ƙofarsa. Jama'ar wurin gauraye ce, Gbagyi 'yan ƙasa, Yarbawa, Ibo, Tibi da sauransu, kuma maƙwabciyar da za ta tsaya miki ranar lalura ba lalle ta zama Bahaushiya ba.

Shawarata ita ce maigida ya riga ku tafiya, ya sauka wurin abokin aiki na mako biyu ko uku, ya gwada fita daga kowace unguwa zuwa Sakatariya a safiyar Litinin, ya kuma koma ya ga layin da daddare, ya tambayi masu gadi halin tsaron wurin. Idan da hali ki bar yaron wurin kakarsa kwana biyu ki je ki ga gidan da kanki kafin a sa hannu a takarda, tunda ke ce za ki wuni a cikinsa.