Ina Hasumiyar Iskandariyya Ta Shiga?

TAMBAYA: Malam, a makaranta an koya mana cewa akwai wata doguwar hasumiyar fitila a kan tsibiri a Iskandariyya ta Masar. To, yayana ya je garin bara, ya ce bai ga tsibiri ba, balle hasumiya. Wa ya yi kuskure, shi ko malaminmu? Daga wata ɗaliba, Damagaram.

AMSA: 'Yata, duka biyun gaskiya suka faɗa miki. Ni ma ranar da na fara zuwa wurin na tsaya ina waige-waige, iskar teku na watsa mini gishiri a fuska, sai wani mai kamun kifi da ƙugiya ya nuna mini ƙasan ƙafata ya ce a kan tsibirin nake tsaye.

Sunan tsibirin Faros. Tun zamanin sarakunan Badalamusa, Girkawan da suka mulki Masar, aka haɗa shi da gari da wata hanya ta dutse da ƙasa mai tsawon sama da kilomita ɗaya. Shekara da shekaru yashi yana taruwa gefe da gefe, har wurin ya zama unguwanni. Yau mota ce za ta kai ki.

An gama ginin hasumiyar wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a mulkin Badalamusa na Biyu. Gaɓar Masar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunin da matuƙin jirgi zai hango ya gane inda yake, ga duwatsu ɓoye cikin ruwa a bakin tashar. Shi ya sa suka gina wa kansu tsauni mai tsayin fiye da mita 100, hawa uku: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai takwas, na sama zagayayye. Da dare wuta ke ci a ƙololuwa. Zancen wai madubinta na ƙona jiragen abokan gaba kuwa, tatsuniya ce.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne daɗewarta, domin ta fi shekara 1,500 a tsaye. Musulmi suka same ta, suka gyara, har aka yi masallaci a samanta, kuma matafiyi Ibn Jubairu na Andalus ya hau a 1183. Girgizar ƙasa ce ta ci ta, musamman ta 1303 da ta 1323. Matafiyi Ibn Baɗuɗa na Maroko ya same ta a 1326 gefe guda ya zube. Da ya komo a 1349 ko ƙofar ba ta shiguwa. A 1477 Sarki Ƙaitbai na Masar ya fara gina ganuwar tsaro, wadda ake kira Ƙal'ar Ƙaitbai, a kan harsashinta. Da yawa daga duwatsun hasumiyar suna ƙarƙashin ruwa, inda masu nutso ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Jean-Yves Empereur suka fara tantance su a 1994.

Ke da kika yi karatu da Faransanci, kalmar "phare" da suke kiran fitilar gaban mota da ita daga sunan tsibirin nan ta fito.

Idan yayanki ya koma, ya nufi Ƙal'ar Ƙaitbai da la'asar. Ya tsaya a bakin ƙofar babban ginin, ya dubi manyan duwatsun nan ja-ja da suka bambanta da farin dutsen bangon. Ana kyautata zaton na hasumiyar ne.